Nayafe, Karen Tasalla

Ku gyara zama in ba ku wani labari, ku kuma bar fitilar nan a kunne, don ni kaina in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi.

Bayan Shekarar Baƙin Ruwa aka yi shi. Kwana bakwai sama tana zubo ruwa baƙi ƙirin kamar tawada, duk wanda ya taɓa sai ya kwanta barci, daga nan babu tashi. Da ruwan ya ɗauke, birane sun zama kufai. Motoci suka tsaya inda suke har ciyawa ta fito ta tagoginsu, wayoyi suka yi shiru. Waɗanda suka yi saura a wannan yanki ba su cika hamsin ba, suka tattaru a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa, suna kwana cikin taragu.

Ba yunwa ce ta fi ba su tsoro ba, Masu Aron Fuska ne. Wasu halittu ne da suka ɓullo bayan ruwan, ba su da fuskar kansu, sai su ari ta mamaci. Da tsakar rana suke zuwa, lokacin da inuwar mutum take shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Sai ka ga uwarka da ka binne da hannunka tsaye a bakin hanya tana murmushi, tana kiranka da sunan da ita kaɗai ke kiranka da shi. In ka amsa ka bi ta, an gama ganinka. Mutum ba ya gane su. Kare kaɗai ke ganewa, don ba su da warin ɗan Adam. Shi ya sa suka bi karnuka suna ɗaukewa ɗai-ɗai, har ya zamana a duk tashar saura guda tal.

Karen Tasalla ne. Ita Tasalla matar wani maharbi ce, Barmo, wanda baƙin ruwa ya ritsa da shi a dawa. Karen ja ne, kunnensa ɗaya a yage, sunansa Nayafe. Kun dai san maharba da raɗa wa kare sunan habaici. Wan Barmo ne ya taɓa cinye masa gonar gado. Barmo bai kai ƙara ba, sai ya samo kwikwiyo ya sa masa wannan suna, kullum yamma ya tsaya jikin katangar wan nasa ya ɗaga murya, "Nayafe! Nayafe!" har sai da kunya ta kori mutumin daga unguwar.

Tasalla kuwa ba mai wasa da kare ba ce. Mace ce mai kiyaye tsarki. Shekara shida suna tare ba ta taɓa shafa kansa ba, kada yawunsa ya taɓa ta a shiga wanki bakwai. Akwai wani fasasshen kasko da take zuba masa ƙanzo a ciki. Kullum in ta sunkuya za ta ajiye, sai ya taso da rawar jiki zai lashi hannunta, ita kuwa ta daka masa tsawa, "As! Matsa can, ƙazami!" Sai ya ja baya taki biyu yana kaɗa wutsiya, ta ajiye, ya ci. Haka safe, haka rana, haka yamma.

Baba Nomau, dattijon da ke shugabantar tashar, yakan ce, "Haba Tasalla, karen nan shi ke gadin rayukanmu, ke ko sannu ba kya ce masa."

Ta ce, "Baba, sannu ake ci? Rabin tuwona fa yake tafiya da shi."

Gaskiya ta faɗa. Ko ranar da aka raba loma bibbiyu, ɗaya tasa ce.

To, ran nan itace ya ƙare mata, ta fita bayan tasha wajen wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe. Ta sunkuya tana ɗaure dami, ba ta lura inuwarta ta shige ƙarƙashinta ba, sai ta ji an ce, "'Yar Baƙa."

Mutum ɗaya ne a duniya ke kiranta haka. Ta ɗago. Ga Barmo tsaye a bakin rijiyar, da warkinsa da kwarinsa, har da tabon da ke haɓarsa. Ta sani sarai ba shi ba ne. Amma ƙafafunta ba su sani ba, suka fara tafiya da kansu. Bakinta ya buɗe zai amsa.

Sai wani jan abu ya wuce ta kamar kibiya. Nayafe ne. Ya yi tsalle ya cafki maƙogwaron abin, fuskar Barmo ta saɓule ta faɗi ƙasa kamar jiƙaƙƙen tsumma, bayanta ba ido, ba hanci, ba baki. Abin ya rungume karen, suka tuntsura cikin rijiyar tare. Tasalla ta leƙa. Ba ta ga komai ba, sai kukan kare can ƙasa, yana nisa, yana nisa, har ya ɓace.

Ta ruga tasha, ta ɗauko igiya da kaskon, ta ƙulle ƙanzo biyu a bakin zaninta. Baba Nomau ya sha gabanta ya ce, "'Yar nan, kin haukace? Mun rasa kare, kada mu rasa mutum."

Ta ce, "Baba, bai ci abincin rana ba."

Abin da ta iya faɗa ke nan. Ta ɗaura igiya a jikin ƙarfen dogo, ta yi bisimilla, ta zura ƙafa.

Ta yi ta sauka har igiya ta ƙare, ƙasa ba ta zo ba. Ta rufe ido ta saki. Maimakon ta faɗa ƙasa sai ta ji ta faɗa sama, ta fito ta bakin wata rijiya ta zube a kan farin rairayi. Ƙasa ce da rana ke tsaye a tsaka ba ta gusawa, ba abin da ke da inuwa sai ita kaɗai. A kan rairayin ga sawun kare, ga ɗigon jini. Ta bi.

Ba ta yi nisa ba ta ji taku a bayanta, da yawa. Ta waiga. Takalma ne, ɗaruruwa, na maza da na mata da 'yan ƙanana na yara, suna tafe ba ƙafa a ciki. Na mutanen da aka ɗauke ne. Suka kewaye ta suna matsowa, suna taka mata yatsu. Ta kurma ihu, ba mai ji. Sai ta lura ba ita suke shinshina ba, takalmanta ne. Ta tuɓe su da sauri, nan take suka shige cikin sauran, aka buɗe mata hanya. Ta wuce ba takalmi, rairayi na toya mata tafin ƙafa.

Gaba kaɗan ta iske kogi, amma ba ruwa ke gudu a cikinsa ba, muryoyi ne. Sawun karen ya shiga ya fita ta wancan gefe. Tana sa ƙafa ta ji innarta na cewa, "Tasalla, miƙo mini ludayi." Ta ji 'yarta da baƙin ruwa ya kwantar tana cewa, "Inna, sanyi nake ji." Wannan kam ya kusa kashe ta. "Na'am" ta taho har kan harshenta. Ta kwance bakin zani da sauri, ta cusa ƙanzo ɗaya a baki, ta yi ta gurgura tana hawaye har ta haye. Saura ƙanzo ɗaya.

A hayin kogin ta tarar da wata tsohuwa tana wanki a kan dutse, hannuwanta dogaye har suna jan ƙasa. Abin da take wankewa fuskoki ne, ta matse ta shanya a kan igiya. Wannan tsohuwa tana da fuska tata, amma ido ɗaya gare ta, a tsakiyar goshi.

Tsohuwa ta ce, "Ya ke 'yar yumɓu, me ya kawo mai inuwa ƙasar da ba inuwa?"

Tasalla ta durƙusa, ta ce, "Sannu da aiki, Iya. Karena nake nema."

"Shekara dubu ina wanki a nan, ba a taɓa ce mini sannu ba. Kama mini wannan gefe mu matse."

Ta miƙo mata wata fuska. Ta maƙwabciyar Tasalla ce, wadda suka yi shekaru suna daka tare. Tasalla ta runtse ido ta kama, suka matse, ruwan sanyi na bin gwiwar hannunta.

Tsohuwa ta ce, "Kin taya ni, zan ba ki guzuri. Birnin da ke gabanki na Magajiyar Fuskoki ne. A fadarta magana ba ta da ciki biyu. Abin da harshe ya furta shi aka ji, da shi ake hukunci. Ba wasa, ba habaici, ba 'ai ba haka nake nufi ba.' Ita kanta Magajiya dokar ta hau kanta. Ki auna kalma kafin ki sake ta."

Tasalla ta yi godiya ta wuce. Ta ji maganar, amma tsoro bai bar ta ta zauna mata a kai ba.

Ganuwar birnin da ƙofofin motoci da kwanon rufi aka gina ta, duk sun yi tsatsa. Tana shiga ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Karnuka ne, dubu ko fi, a jere. Kowanne da igiyar gashi a wuya, kowace igiya a hannun wani marar fuska. An liƙe musu hanci da ƙaro don kada su ji wari, sun yi tsit, ko wutsiya ba mai motsawa. A ƙarshen layin, bisa wata karaga ta ƙasusuwa, Magajiya na zaune. Tsawonta ya yi na giginya, kanta sumul kamar bayan ƙwarya, muryarta daga ƙirji take fitowa.

Ta ce, "Maraba da mai inuwa. Ba a taɓa zuwa mana da ƙafa ba sai an kira. Faɗi buƙatarki."

Tasalla ta ce, "Ranki ya daɗe, karena aka kawo nan yau. Shi na zo ɗauka."

"Ba ma riƙe abin da ke da mai shi. Amma karnuka da yawa. In naki ne, kin san sunansa. Faɗe shi da ƙarfi, fada ta ji."

A daidai nan Tasalla ta hango shi, can gefen karaga, kwance cikin jini, kunnen nan yagagge ya langaɓe. Duk abin da tsohuwa ta gaya mata ya fice daga kanta. Ta ɗaga murya kamar yadda Barmo ke yi a jikin katanga, ta ce, "Nayafe! Nayafe!"

Sai dariya ta tashi daga ƙirazan marasa fuska, kamar ana gurza dutse da dutse.

Magajiya ta ce, "Fada ta ji. Sau biyu ta faɗa. Ta yafe."

Tasalla ta ce, "A'a! Wallahi sunansa ke nan, mijina ne ya sa masa don wansa..."

"Ba mu san habaici ba. Kin ce kin yafe. Ƙofa na bayanki, mai inuwa. Tafi tun fuskarki na jikinki."

Ai sai Tasalla ta zube. Ta yi wannan tafiya duka, ta bar takalmanta, ta bar muryar 'yarta a kogi, ta zo ta bayar da shi da bakinta. Karen ya ji sunansa, yana ta jan ciki yana neman inda muryar ta fito, ana fizgo shi baya. Ta dube shi. Sai maganar tsohuwa ta dawo mata, ƙarshenta musamman: ita kanta Magajiya dokar ta hau kanta.

Ta miƙe, ta ce, "Ranki ya daɗe, na ji na ce na yafe. Amma fada ta ji na ce na yafe miki?"

Dariya ta tsaya cak.

"Ban ambaci kowa ba. In ba nawa ba ne, ai ba naki ba ne."

Magajiya ta gyara zama a kan karaga. Can ta ce, "Harshenki ya fi kama da namu. To, abin da ba na kowa ba, na wanda ya bi ne. Za a sake shi. Ba za ki kira shi ba, ko da suna, ko da fito, ko da yafuce. In ya bi wata, ku duka kun zama namu, fuskarki ta hau igiya. In ya bi ki, duk mai binki ya bi ki, ba mai tare ku."

Tasalla ta ce, "Wata? Wace wata?"

Marasa fuska suka matso. Aka shafa mata wani zane mai sanyi a fuska, aka yayyaga shi, aka rarraba. Kafin ta ƙifta ido fili ya cika da Tasalla. Ɗari ne ko fi, duk da zaninta, da tsagar kumatunta, da kaskonta a hannu. Sai dai kaskonsu cike yake da gasasshen nama, nata kuwa ƙanzo ɗaya ne ya bushe.

Aka kwance Nayafe. Ya tashi yana ɗingishi, hanci a liƙe. Tasallolin nan suka durƙusa, da muryarta sak, suna cewa, "Zo, Nayafe. Zo, ɗan lele. Zo, abin ƙaunata." Ita kaɗai ce a tsaye bakinta a rufe, hawaye na zuba.

Karen ya rikice. Ya je wajen ta farko ya ɗaga hanci, ba wari. Ya kai harshe ga hannunta, ta miƙa masa tana shafa kansa. Ya tsaya jim, ya wuce. Ta biyu ta rungume shi. Ya zame, ya wuce. Haka ya yi ta bi, yana 'yar ƙara a maƙogwaro, ƙarfinsa na ƙarewa. Wajen wata ya daɗe yana kallon naman, yawu na zuba, har Magajiya ta fara miƙewa daga karaga. Tasalla ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini.

Sai ya iso gabanta. Bai san ta ba. Idanunsa sun yi jawur, ya dube ta kamar yadda ya dubi sauran. Ta sunkuya a hankali za ta ajiye kaskon, shi kuwa ya miƙo harshe zai lashi hannunta.

Wallahi ba dabara ta yi ba. Bakin da ya saba shekara shida ne ya yi aikinsa.

"As! Matsa can, ƙazami!"

Nayafe ya ja baya taki biyu. Kunnen nan yagagge ya miƙe. Wutsiya ta fara kaɗawa, ta kaɗa, ta kaɗa har ƙugunsa na rawa. Ya zauna dirshan a gabanta yana jiran a ajiye masa abincinsa.

Magajiya ta yi wata ƙara da ta girgiza ganuwa, ta ce, "Ta kira shi! Ta karya sharaɗi!"

Tasalla ta ce, "Ranki ya daɗe, korarsa na yi. Fada ta ji. A nan magana ba ta da ciki biyu."

Ba wanda ya motsa. Tasalla ta ajiye kasko, ya lamushe ƙanzon. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kama kansa da hannu biyu, ta sa farce ta ɓamɓare ƙaron da ke hancinsa, shi kuwa yana ta lasar yatsunta. Ya yi atishawa. Ya shaƙi iskar birnin. Gashin bayansa ya tashi, ya buɗe baki ya yi haushi.

Ba a taɓa jin haushi a wannan ƙasa ba. Fuskokin aro suka dinga saɓulewa suna faɗuwa. Marasa fuska suka saki igiyoyi suka dafe kawunansu. Tasalla ta suri kaskonta ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, Nayafe na biye da ita, karnuka dubu na biye da shi. Magajiya ta miƙo hannu mai tsawon gora har ya kusa taɓa ƙeyarta, sai ya tsaya a iska yana karkarwa. Ai ita da kanta ta ce duk mai bin Tasalla ya bi ta, ba mai tare su.

Suka wuce tsohuwa mai wanki, tana dariya da idonta ɗaya. Suka faɗa kogin muryoyi, takun karnuka ya danne kowace murya. Takalma suka dare gefe biyu. Da suka isa rijiya Tasalla ta rungumi Nayafe ta faɗa ciki, suka faɗo sama, suka zube a bayan tasha.

Baba Nomau na nan zaune bakin rijiyar da igiya a hannu, bai gusa ba. Ya ga Tasalla, ya ga jan kare, sannan ya ga wani kare ya fito, wani ya biyo shi, wani ya biyo wannan. Har aka kira la'asar suna fitowa. Mutanen tasha suka yi ta ɓamɓare musu hanci suna kuka. Tun daga ranar Masu Aron Fuska ba su ƙara kusantar wurin ba.

Da hankali ya kwanta, Baba Nomau ya dubi hannun Tasalla, duk yawu da jini, ya kawo mata buta da ƙasa mai tsarki. Ta wanke sau bakwai, ba ta rage ko ɗaya ba. Da ta gama ta share hannu a zani, ta zauna, ta ɗora shi a kan karen, ta bar shi nan.

Baba Nomau ya ce, "To, yau ma ba za ki ce masa sannu ba?"

Ta ce, "Baba, ni da shi mun san yadda muke gaisawa."

Sunan nan kuwa ba ta ƙara furta shi ba har ta koma ga Allah, ko da wasa. In tana nemansa sai ta tsaya bakin tarago ta ce, "As! Ƙazami!" sai ka gan shi ya taho a guje yana ɗingishi. 'Ya'yansa da jikokinsa suka tashi a haka. Har yau in baƙo ya sauka a garin da ya tsiro a wannan tasha, kare ya matso shi, ya ce "As!" sai ya ga karnukan unguwa duka sun taru sun zauna a gabansa suna kaɗa wutsiya, suna jiran ƙanzo.

Nan na sauke muku shi. Wanda tuwonsa ya yi saura, ya san inda kasko yake.